Hatimin da Na Sassaƙa wa Mata Masu Cuku

Samarin da suka buɗe shagon buga takardu a bakin tasha sun mai da rumfata wurin shan shayi, kuma ba su da hirar da ta wuce raina sana'ata. Ranar nan ɗayansu ya miƙo mini waya, ya ce, "Baba Illa, diba tambarin da niy yi ma wata ƙungiya. Minti goma. Kai kwana nawa kaka kwashewa bisa irin wanga?" Na karɓa na duba. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, layukansa sun fi nawa miƙewa ko a zamanin da hannuna bai fara rawa ba. Na tambaye shi alamar da ya sa a tsakiya ta su wa ce. Ya ce shi dai ya gan ta ne ta burge shi. To, saboda wannan amsa na zauna ina rubuta abin da na daɗe ina ɓoyewa, don ni ma na taɓa ba da ita, kuma wasu ne suka ɗanɗana kuɗarta.

Shekara arba'in da ɗoriya ina rubuta allunan shaguna da sassaƙa hatimi a Tawa. Na shiga hannun Malam Sidi ina saurayi, na yi shekara biyu bai bar ni na rubuta ko harafi ɗaya ba. Aikina wanke burushi da kananzir, goge tsatsar kwanon da ake yin allo da shi, shafa farin fenti na ƙasa, da buga layi da zaren da aka turmuza a garin shuni. Burushin ƙananan haruffa mu muke haɗa abinmu da gashin wutsiyar doki, a ɗaure shi a bakin tsinke. Hatimi kuwa da robar tsohuwar taya ake yinsa, da ɓallin reza, a sassaƙa rubutun a juye, a duba a madubi. In hannunka ya zame a harafi na ƙarshe, sai ka jefar ka ɗauko wata robar. Ku da kuke danna maɓalli ku goge kuskure, ba ku san zafin wannan ba.

Aikin farko da ya bari na taɓa shi ne tambarin ƙasa a bangon wata lakwal, wato makarantar boko. Bangon ya yi mini kaɗan, sai na yi dabara: na matse kan san da ke ƙasa ya koma kamar na ɗan maraƙi, zangarniyar gero kuma na yi biyu a maimakon uku. Na ce wa zai ƙirga. Malam Sidi ya zo ya tsaya, hannuwansa a baya, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Kan san ga da kam matse, na mutane ne. Takubban nan na wasu ne, geron na wasu. Waɗanda sunka zamna sunka haɗa wanga tambari sun so kowa in ya diba shi ga gidansu ciki. Kai wa yas sa ka rage ma wani gida?" Ya miƙo mini farin fenti. Na shafe aikin kwana biyu a gaban 'yan lakwal suna dariya.

Daga ranar ya kafa mini doka guda, kuma ita kaɗai ya bar mini gado ban da akwatin burushi. Kafin ka dama fenti, ka je wurin masu abin, ka zauna, ka sha ruwansu, ka tambaye su daga ina suka fito. A ganinsa tambari ba ado ba ne, tarihin mutane ne aka taƙaita har ya shiga tafin hannu. Mutum zai zo maka da abin da ya gani a jikin mota, amma in ka yi haƙuri da hirarsa, sai ka ji abin da yake so 'ya'yansa su tuna.

Na ga gaskiyar haka a aikin wasu manoman albasa. Sun zo suna son jirgin sama a allonsu, wai don a san albasarsu tana fita waje. Na bi su gona, na wuni. Da hira ta yi hira sai ga labarin kakansu da ya fara haƙa rijiya a fadamar, mutane suna ce masa ya haukace. Na zana musu guga da igiya a bakin rijiya, da albasa uku a gefe. Ranar da na kai allon, shugabansu ya kira jikokinsa ya tsaya yana yi musu bayani, ya manta ma ina wurin. Haka wani mahauci da ya so a zana masa zaki, ya ƙare da wuƙar babansa mai ɓallallen ƙota. Irin waɗannan ayyuka su suka yi mini suna har Affala da Takanamat, kuma sunan ya hau mini kai, wannan ma gaskiya ne.

Sai shekarar da injin buga hoto a leda ya iso Tawa. Wanda yake jiran allona mako guda, yanzu yana shiga shago da safe ya fito da hotonsa da na shagonsa kafin azahar. Na yi wata uku burushina bai jiƙe ba sai in an kawo amalanke a sa mata lamba, ko a ce in rubuta "ana sayar da ƙanƙara" a ƙofar gida. Fenti ya yi fata a gwangwani. Ban faɗi wannan don in wanke kaina ba. Na faɗa ne don ku san halin da nake ciki ranar da Malam Haru ya tsai da babur a gaban rumfata.

Malam Haru ma'aikacin wani poroje ne, wato shirin tallafi da ke taimakon ƙungiyoyin mata. Ya ce akwai mata masu yin cuku da madarar awaki a wani ƙauye arewa da Takanamat, masu jin Tamashek da Hausa, suna buƙatar allo da hatimi. Hatimin ya fi gaggawa. Suna da rijiya wadda suke shayar da awakinsu, ba ta da takarda, kuma wasu mutane sun fara cewa tasu ce. Za a kai buƙata a meri, wato ofishin magajin gari, a tabbatar wa ƙungiyar da rijiyar, kuma takardar ba ta shiga sai da hatimin ƙungiya.

"Kwana biyar gare mu," in ji shi. "Ka yi muna abin da ka nuna asali, abin arewa. Kada ka sa muna fure ko tauraro irin na kowa."

Na tambaye shi nisan garin. Ya ce rabin wuni ne, in an sami mota, kuma hanyar yashi ce. Na lissafa a raina: wuni guda zuwa, wuni guda dawowa, saura uku. Na ji muryar Malam Sidi sarai, ko da yake ya shekara goma a ƙasa. Amma na ce wa kaina ai ni ɗan Adar ne, haifaffen wannan yanki, wane asalin arewa ne ban sani ba. Na ce wa Malam Haru ya bar mini komai.

Ran Lahadi na shiga kasuwar bisashe da littafina da fensir, ina neman abin da zai ba ni tunani. Can wajen raƙuma na ga wani farin amale, a wuyansa akwai shaida, wato alamar da ake dasa wa dabba da ƙarfe mai zafi don a san gidan da ya mallake ta. Layi biyu ne a tsaye, da ƙugiya a ƙasa, da ɗigo uku a sama. Ban taɓa ganin shaida mai tsari kamarta ba. Na tsuguna na kwafe ta. Wani dillali da na sani ya leƙo, ya ce, "Illa, mi kaka yi da shaidar mutane?" Na ce masa aikin ido ne, ba na dillalai ba. Ya buɗe baki zai ƙara magana, na rufe littafi na yi gaba. Da na tsaya minti ɗaya, da ya gaya mini sunan gidan.

Aikin ya yi kyau, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Na zana cuku mai kusurwa huɗu, da layukan tabarmar tsinke da ake shanya shi a kai, na dasa shaidar a tsakiya da ruwan shuni, sunan ƙungiya ya kewaye ta. Hatimin kuwa ban taɓa sassaƙa mai tsabtarsa ba, ɗigon nan uku sun fito ɗaya bayan ɗaya kamar ƙwayar gero. Malam Haru ya ɗaga shi sama yana jinjina kai, ya ce wannan shi ne asali. Tun da shugabar matan ta riga ta dangwala yatsa a takardar rijiya, sai ya buga hatimin a gefen yatsanta, ya kai meri a ranar, don kada lokaci ya ƙure. Bayan kwana biyu muka ɗora allon a mota muka nufi ƙauyen. Ba a gayyace ni ba, ni na ce zan je in kafa shi da hannuna. A gaskiya yabo na je sha.

Mun iske mata sun taru a inuwar wata aduwa kusa da rijiyar, sun yi ado, an dama fura. Shugabarsu Minatu, mace ce doguwa, mai ƙarancin magana, ta tarbe mu ta ba mu ruwa. An shimfiɗa wa mahaifinta tabarma a gaba, tsoho ne tukuf, idanunsa sun tafi, an ce shi ya fara haƙa rijiyar. Na kafa allon a lulluɓe da zane. Mata suka fara guɗa. Na ja zanen.

Guɗar ta tsaya a tsakiya. Sai kukan awaki a bakin kwamin shan ruwa. Wata mata ta ja mayafi ta rufe fuska. Tsohon ya juya kai hagu da dama, ya tambaya cikin Tamashek, aka ƙi ba shi amsa. Malam Haru, da bai fahimci komai ba, ya so ya gyara zaman, sai ya ciro hatimin ya sa wa tsohon a hannu, ya ce, "Baba, taɓa ka ji, ga alamar ƙungiyar ɗiyarka."

Ina kallon babban yatsansa yana bin robar. Ya bi layi na ɗaya, ya bi na biyu, ya sauka a ƙugiyar, ya koma sama ya taɓa ɗigon ɗaya bayan ɗaya. Sai hannunsa ya tsaya. Ya ce da Hausa, a hankali, "Har nan sunka biyo mu?"

Minatu ta karɓi hatimin daga hannunsa ta juyo wurina. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, wa yab ba ka wagga shaida?"

Na ce a kasuwa na gan ta, a wuyan raƙumi.

"Ka tambayi ta wane gida ce?"

A nan ne na yi abin da ya fi kuskuren kansa muni. Maimakon in sunkuyar da kai, sai na ce, "Ai zane ne kawai, Hajiya. Ya yi kyau shi ya sa."

Ta dube ni har na rasa inda zan sa idona. Ta ce, "Zamna in hwaɗa maka abin da ba ka tambaya ba. Wagga shaida ta gidan da sunka mallaki kakannina ce. Bayi muke garesu, ka ji shi da baki nau. Tsohon ga da kaka gani, shi ka riƙe wuyan raƙumi in za a dasa ta, tun yana yaro. Ya yi kiwon bisashe masu wagga shaida har gemu nai ya yi hwari, ko guda ba tashi ba ce. Shekarar da bisashe sunka mutu munka taso munka zaka nan da jaki guda. Shi da ƙanne nai sunka gina rijiyar ga da hannu. Yanzu jikokin gidan sun taso suna cewa abin da bawa ya gina na ubangiji nai ne. Mu kuwa muna cewa ba mu da ubangiji sai Allah. Kai kuma ka ɗauko shaidarsu bisa mota ka kawo muna har gida."

Sai ta juya wurin Malam Haru ta ce a ɓoye hatimin kada a buga shi a ko'ina. Na ga fuskar Malam Haru ta canza. Ya ce an riga an buga, takardar tana meri.

A wurinku wannan ƙila ba komai ba ne, sai a sake takarda. Amma a arewa shaida ba wasa ba ce. Duk abin da ya ɗauki shaidar gida, na gidan ne, ko raƙumi ne da ya ɓace shekara biyar, da an gan ta magana ta ƙare. Ga takarda ta shiga ofis tana cewa rijiya ta mata ce, ga yatsan Minatu, a gefensa kuma ga shaidar mutanen da suke jayayya da ita. Kafin Malam Haru ya je ya janye ta, labari ya riga ya kai musu. Suka zo suka ce a duba, su da kansu sun amsa na wa ne su. Maganar da ake sa ran gamawa cikin wata guda ta koma shari'a, da kiran shaidu, da zaman sulhu, da zuwa da dawowa.

Ban bi motar na koma Tawa ba a ranar. Kunya ta hana ni zama, kuma ta hana ni tafiya. Na sauke allon, na nemi dutse na kankare shi har kwano ya fito fari. Mata suna wucewa da tulunansu, babu wadda ta zage ni, kuma da sun zage ni da na fi jin sauƙi. Da la'asar Minatu ta aiko mini da fura. Washegari na same ta a bakin rijiya, na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ce, "Hajiya, daga ina kunka hito, kuma mi kuka so a gani in an ga sunanku?"

Sai ta kamo wata akuya ta ja ta zuwa gabana, ta buɗe mini kunnenta na dama. An yanke shi sau biyu a gefe, yanka ƙanana, ɗaya ya fi ɗaya zurfi. Ta ce akuyar farko da mahaifinta ya saya da guminsa, ba shi da ƙarfen shaida, ba shi da gidan da zai ara, sai ya ciro wuƙa ya yi mata haka. Hannunsa yana rawa don murna, shi ya sa yankan bai daidaita ba. Tun daga ranar duk akuyar garin haka ake yi mata, har da rashin daidaiton.

Shi na zana: kunnen akuya da yanka biyu, ɗaya ya fi ɗaya zurfi. Malam Haru ya ce bai yi kyau ba, baƙo zai ɗauka ganye ne tsutsa ta ci. Minatu ta ce baƙon ya tambaya, za a gaya masa. Na sassaƙa sabon hatimi a Tawa, na kai shi da ƙafata, ban aika ba. Sau biyu ana kirana wurin zaman sulhu, ina tsayawa a gaban dattawa ina faɗa da bakina cewa matan ba su san komai ba, ni na kwafo shaidar daga wuyan raƙumi don ta ba ni sha'awa. Wani dattijo ya ce, "Kai da furfurarka?"

Na roƙi Minatu gafara. Ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe, don har yau in ta shigo Tawa takan aje mini cuku. Abu guda ta ƙara: "Da ka zaka tun hwarko, da hura kaɗai za ka sha ka koma da labari."

Takardar rijiya ta fito bayan shekara biyu, da sunan ƙungiyar, da kunnen akuya a ƙasanta. Tsohon bai kai ba. Ya rasu a daminar farko, maganar tana gaban dattawa, bai san yadda za ta ƙare ba. An ce har ya kwanta ciwo yana tambaya ko an zo karɓar rijiyar. Na so in sa masa sabon hatimin a hannu ya shafa, amma ranar da na kai shi ya riga ya daina gane mutane.

Tsohon hatimin, da na karɓo daga hannun Minatu, yana nan a gwangwanin da nake aje ɓallin reza, ban jefar ba. Shi na ciro na ba saurayin nan mai waya, na ce ya rufe ido ya shafa. Ya shafa, ya ce aikin ya yi tsabta. Na ce masa ƙwarai, duk rayuwata ban yi wanda ya fi shi ba. Mutumin da ya haƙa rijiya da hannunsa don 'ya'yansa su daina zama na wani, abu na ƙarshe da ya taɓa da sunan 'yarsa shi ne wannan, kuma ni na sassaƙa shi.